"Ka yi mini mai kyau kawai": shirin da ake yi kafin a zo wurin mai zanen tambari da shafin intanet

Sana'ata zana wa 'yan kasuwa tambari da gina masu shafin intanet. A shekarun da na yi ina wannan aiki a Kano, babu maganar da ta fi yawan shiga kunnena kamar wannan: "Malam, ai kai ka san aikinka, ka yi mini mai kyau kawai." Mai faɗar haka a ganinsa girmama ni ya yi. Ni kuwa da zarar na ji, gabana faɗuwa yake yi, domin na san aikin mako uku ya kama hanyar cin wata uku, kuma da wuya mu rabu ba tare da ɗayanmu ya ji an cuce shi ba.

Ba mai ajiye wa tela shadda ya ce a ɗinka mai kyau, ya juya ya tafi. Sai an gwada shi, ya faɗi ko babbar riga yake so ko kaftani, ta Sallah ce ko ta zaman kasuwa, wane irin aiki za a sa a wuya. Amma mutumin da ya san wannan sarai, shi ne zai zo neman tambarin da zai manna a kayansa shekara goma, ba tare da ya zauna ya yi tunanin minti goma a kai ba. Mai zane ya san launi, ya san salon haruffa, ya san yadda ido ke bin shafi. Kasuwancinka kuwa kai kaɗai ka san shi, kuma abin da ba ka kawo mini ba, ƙirƙira zan yi da ka, in ya dace to, in bai dace ba mu yi ta kai-kawo.

Wata Hajiya mai haɗa turaren wuta da humra ta taɓa zuwa wurina. Tambayar farko da na yi mata ita ce wadda nake yi wa kowa: "Ranki ya daɗe, su wa ke sayen kayanki?" Ta ce, "Kowa da kowa, Malam. Wa ba ya son ƙamshi?" Na roƙe ta ta koma gida ta duba littafin cinikinta da saƙonnin WhatsApp na 'yan watannin baya, mu sake haɗuwa. Da ta dawo, ita da kanta take dariya. Ashe cinikin da ke riƙe da ita na iyayen amare ne, masu sayen kayan gyaran ɗaki da na jiki a dunƙule idan biki ya matso, sai kuma matan Abuja da Kaduna da take aika wa kaya ta motar tasha. Masu sayen kwalba ɗaya suna da yawan surutu a waya, amma ba su ne kasuwarta ba.

Wannan amsa ita ta yanke kusan komai. Shafin da ta zo da niyyar a yi mata, mai jerin kaya sittin da wurin biyan kuɗi da kati, muka ajiye shi gefe. Uwar amarya ba za ta zuba kuɗin kayan ɗaki ta Paystack ko Flutterwave ba tare da ta ji muryar mai kaya ba. So take ta ga yadda aka shirya kayan, ta san farashi, ta danna wuri ɗaya ta faɗa WhatsApp, a gaisa, a yi ciniki, ta yi taransifa. Muka yi shafi ƙarami mai buɗewa da sauri ko da sabis ba shi da ƙarfi, wanda ba ya cinye data, kuma kuɗin da ta kashe bai kai abin da ta ɗaura a bakin zaninta ba. Ba cewa nake biyan kuɗi ta kati ba shi da amfani. Mai sayar da littattafai ko tikitin taro yana buƙatarsa. Sai dai wanda ya san mai sayensa ne kaɗai zai san ko yana cikin masu buƙatar.

Bayan sanin mai saye, sai suna. A nan na ga asara da idona. Wani bawan Allah mai yaji ya sa na zana masa tambari, ya kai madaba'a aka buga masa ledoji da sitika masu yawa, sannan ya nufi rajista a hukumar CAC, aka ce masa wani ya riga shi sunan. Tun daga lokacin ba na ɗora hannu a kan tambari sai na tambaya ko an duba sunan. A kuma san cewa rajistar sunan kasuwanci a CAC daban take da rajistar tambari. Ta biyun ana yin ta ne a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, kasuwanci da zuba jari ta tarayya, kuma ita ce ke ba ka ƙarfin hana wani manna alamarka a irin kayanka. A duba kuma ko sunan yana nan ba wanda ya kama a Instagram da Facebook da TikTok, da kuma adireshin intanet, ko mai ƙarewa da .com ko namu na gida .ng da .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su.

Akwai wani abu da ya shafe mu masu Hausa musamman, wanda masu zane da yawa ba sa lura da shi sai aiki ya yi nisa: haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Salon haruffa masu ƙayatarwa da yawa ba a yi su da waɗannan ba. Sai ka ga an rubuta "Gidan Ƙamshi", harafin farko ya fito kamar baƙo a cikin dangi, ko wani ɗan akwati ya tsaya a madadinsa. Wasu sai su jefar da ƙugiyar su huta, alhali tsakanin ƙura da kura akwai nisa. Idan za a yi rubutun Hausa a shafinka ko a jikin kwalinka, faɗa wa mai zane tun ranar farko. Akwai salon da ke ɗauke da su cikakku, irin su Noto na Google da Andika da Charis, kuma mai zanen da ya iya aikinsa zai iya ƙera ƙugiyar da hannunsa a cikin tambari. A adireshin shafi kuwa yawanci haruffan boko marasa ƙugiya ake sawa, don haka ka rubuta sunan haka nan a takarda ka karanta da ƙarfi, ka ji ko bai koma wata kalma da ba za ka so ba. Mai son a haɗa da ajami ma ya faɗa da wuri, tunda daga dama yake farawa, kuma sai an ba shi wurinsa a tsarin.

Sai inda tambarin zai zauna. A kan kwamfutata kowane tambari kyakkyawa ne. Tambayar ita ce ya zai kasance a ɗan da'irar hoton WhatsApp, a sitikar murfin kwalba, a hatimin ofis mai launi ɗaya, a allon shago da rana za ta doka, ko a ƙirjin rigar yaran shago idan mai sirfani ya ɗinka shi. Kusan kowa a nan yana son ruwan zinare. Zinaren da kake gani a waya haske ne ke ba shi walƙiya, domin fuskar waya da haske take haɗa launi, injin madaba'a kuwa da tawada huɗu. Idan aka buga shi bugu na yau da kullum, fitowa yake kamar kunun gyada da ya kwana. Zinare mai sheƙi sai an yi bugu na musamman da siririn fallen ƙarfe mai laushi da ake mannawa, kuma kuɗinsa daban ne. Gara ka san haka kafin ka ƙallafa rai.

Dagin arewa kuma, Allah ya ba shi haƙuri. Daga mai kilishi zuwa mai makarantar kuɗi, kowa so yake a sa masa. Ba na ƙi, alama ce tamu mai kyau, amma abin da ke jikin kayan kowa ba zai sa a gane naka ba. Ka zo mini da misalai biyu ko uku da suka burge ka, ka faɗi abin da ya burge ka a cikinsu, launi ne ko sauƙi ko nauyin rubutu. Ka kawo wanda ba ka so ma, shi ya fi taimaka mini. "Yi mini irin na wane sak" ne kawai ba zan yi ba.

Abin da ya fi jinkirta aiki ba zane ba ne, rubutu ne da hotuna. Shafi yakan tsaya cak makonni ina jiran sakin layi biyu na tarihin kamfani, ko jerin farashi da ake ta cewa gobe. Ka rubuta su tun kafin mu haɗu: abin da kake sayarwa, farashi, adireshin shago yadda baƙo zai gane, lokacin buɗewa da rufewa, yadda kake aika kaya, da abin da ke faruwa in kaya ya lalace a hanya. Mai kayan abinci ko na shafawa ya zo da lambarsa ta NAFDAC in yana da ita, don a tanadar mata wuri a kwali. In rubutu na yi maka wuya, yi magana a waya ka naɗa, sai mu mayar da ita rubutu, kuma sau da yawa abin da ɗan kasuwa ya faɗa da bakinsa ya fi abin da zai zauna ya tsara daɗi. Hotuna su zama na kayanka, an ɗauka da hasken rana a wuri mai tsabta. Kada a turo su a WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse su har su dushe, a turo su a matsayin fayil. Hoton da aka kwaso daga intanet yana da mai shi, ban da haka ma mai saye yana ganewa, kuma da ya gane ya daina yarda da sauran abin da ke shafin. Hoton mutum kuwa, ko ma'aikaciyarka ce ko amaryar da ta yi amfani da kayanka, sai da izininta. In shafin zai karɓi sunaye da lambobin wayar mutane, dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora maka alhakin kula da su.

A tsayar da mutum ɗaya mai cewa e ko a'a. Na yi aikin da Alhaji ya amince ranar Litinin, uwargida ta ce kore ya yi yawa ranar Talata, ɗansa da ke jami'a ya ce tsohon yayi ne ranar Laraba, abokinsa na majalisa ya kawo nasa ranar Juma'a bayan masallaci. Shawara ba laifi ba ce, a yi ta a gida, a tace, a kawo mini da baki ɗaya.

Maganar kuɗi a yi ta a fili kuma a rubuce: nawa ne duka, nawa ne kafin alƙalami, gyara sau nawa ke ciki, yaushe za a gama. Sannan a tambayi kuɗin da ke dawowa kowace shekara. Adireshin shafi haya ce, ba saye ba. Wurin da ake ajiye shafin ma haya ne, kuma in a waje yake da dala ake biya. Waɗanda ba a faɗa wa haka ba sun ji a jikinsu bayan da aka saki naira a 2023, lokacin da kuɗin sabuntawa ya zo masu ba yadda suka saba ba.

Na bar maganar mallaka a ƙarshe saboda a nan ni ma na yi laifi. Farkon fara aikina na yi wa wata makaranta rajistar adireshinta da imel ɗina, don kawai ya fi mini sauƙi. Shekara ta zagayo ina kwance ba lafiya, saƙon tunatarwa ya yi ta shiga akwatin da ba na dubawa, shafinsu ya mutu ana tsakiyar ɗaukar ɗalibai. Da ƙyar muka farfaɗo da shi, kuma har yau ina jin kunyar shugaban makarantar. Ni ban yi da mugun nufi ba. Akwai waɗanda ke yi da gangan, su riƙe adireshin mutum kamar jingina, duk ranar da aka saɓa sai ya biya abin da suka yanka ko ya rasa sunan da ya yi shekaru yana tallatawa.

Saboda haka ka buɗe imel na kasuwancinka da lambar wayarka kafin mu fara. Da shi za a yi rajistar adireshi da masaukin shafi da shafukan sada zumunta, kuma kalmomin sirri su zauna a hannunka, ni a ba ni damar shiga in yi aiki. Ranar miƙa aiki kada ka yarda da hoton tambari kawai. Ka karɓi asalin fayil ɗin da ake faɗaɗawa ba ya fashewa, irin SVG ko AI ko PDF, har da na CorelDRAW tunda shi madaba'unmu suka fi sabawa da shi, tare da lambobin launukanka da sunan salon haruffa. Sannan a rubuta a takarda cewa haƙƙin zanen ya koma gare ka, a sa hannu. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, miƙa irin wannan haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, biyan kuɗi da musafaha ba su isa ba.

Hajiya mai turare, ranar da muka gama, na rubuta mata duk waɗannan a takarda ɗaya, na haɗa da fayilolin a filashi na miƙa mata. Ta ninke takardar ta sa a cikin jakar da take ajiye takardun gidanta. Ruwan zinaren dai ba ta haƙura ba, mun sa shi a kwalin kayan amare kaɗai, ta biya kuɗin bugunsa daban.