Madugu Ba Ayari: Matsalar Neman Abokai a Wasan Kwaikwayon Tebur

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban kaka ko goggo da dare ya san tatsuniya ba ta farawa sai da yardar masu sauraro. In mai tatsuniya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," ba ta ci gaba sai an amsa mata da, "Ta zo mu ji ta." Watau tun daga bakin ƙofa adabin baka ya nuna mana cewa mutum ɗaya ba ya yin labari. Wannan 'yar maƙala za ta dubi wani baƙon wasa wanda wannan ƙa'ida ta fi kama shi fiye da tatsuniya, watau wasan kwaikwayon tebur. Za mu duba matsalar farko da ke fuskantar wanda ya fara shugabantar wasan: ina zai sami abokai, su wa ya kamata ya zaɓa, kuma yaya zai riƙe su. Misalan da zan kawo daga abin da ya same ni ne a unguwar Nassarawa ta Kano.

Ma'anar wasan da asalinsa

Wasan kwaikwayon tebur labari ne wanda mutane kaɗan ke ƙagawa tare suna zaune. Mutum ɗaya shi ke shirya ƙasar da labarin zai gudana, da mutanenta da haɗarurrukanta. Shi ne na ga ya dace a kira madugu, domin aikinsa ya yi kama da na shugaban fatake. Sauran kuwa kowa yana riƙe da tauraro ɗaya, kamar maharbi ko falke ko maƙeri, yana magana da bakinsa. Alal misali, madugu ya ce, "Kun iso bakin rijiya, ga wata tsohuwa tana kuka. Me za ku yi?" Sai kowa ya faɗi abin da tauraronsa zai aikata. In aikin yana da haɗari, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, wadda mafi shahara daga cikinsu ke da fuska 20, ita za ta nuna ko an dace. Ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa, kuma babu 'yan kallo.

A Amurka aka fara buga dokokin irin wannan wasa a shekarar 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons cikin ƙananan littattafai uku. Amma shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A wasan kalankuwa samari da 'yan mata na naɗa wa junansu muƙaman mulki bayan kaka, a wasan gauta matan fada na kwaikwayon sarki da hakimansa, ga kuma tashe a watan azumi. Ta fuskar labari ma ba mu da talauci, domin tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya tara tatsuniyoyin Hausa har littattafai uku, sannan marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya rubuta Tatsuniyoyi da Wasanni. Saboda haka kayan wasa na nan jibge. Abin da ke wuyar samu shi ne mutane.

Halin Nassarawa

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, a Nassarawa suka kafa mazaunin mulkinsu, a nan kuma Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a 1909. Unguwa ce da aka tsara domin manyan ma'aikata, gidaje nesa da juna, a yau kuma ga dogayen katangu da masu gadi. A cikin birni yaro na da dandali, saurayi na da majalisa a ƙofar gida, inda abokan wasa ke zuwa da kansu. A Nassarawa mutum na iya shekara bai san sunan saurayin da ke bayan katangarsu ba. Don haka madugun da ke nan dole ya gina dandalinsa da hannunsa.

Ban fahimci haka ba a karon farko. Na shafe mako uku ina zana taswira da tsara labari, sannan na aika saƙo ta waya zuwa ga tsofaffin abokan makaranta. Mutum goma sha biyu suka ce za su zo, uku suka zo. Na ɓata rabin lokacin wajen bayanin dokoki har suka fara hamma. Asabar ta biyu mutum ɗaya ya zo, muka sha shayi, ya tafi. Daga wannan kunya na tsinci darussan da ke biye.

Inda ake samun abokai

Na farko, a fara da na kusa: 'yan'uwa, maƙwabta da abokan aji. Wanda ya san ka zai yi haƙuri da kurakuranka na sabon shiga. Na biyu, a nemi masu son labari, kamar ɗaliban adabi, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo, da matasan da ke zuwa ɗakin karatu na Murtala Muhammad a titin Ahmadu Bello. Wanda ya ji daɗin Ruwan Bagaja ko Ganɗoki ya riga ya san ɗanɗanon tafiya mai cike da abin al'ajabi. Na uku, akwai majalisun masu dara da lido, waɗanda suka saba zama wuri ɗaya suna bin doka. Sai dai a lura, mai dara ya saba da wanda ya ci da wanda aka ci, alhali a wannan wasa ayari duka ke tsira ko ya halaka tare. In ba a gaya masa haka ba tun farko, zai mai da abokan tafiyarsa abokan gaba.

Waya kuwa amfaninta tuni ne kawai. Gayyata ta gaskiya baki da baki ake yin ta, mutum ɗaya bayan ɗaya, domin zumunta a ƙafa take.

Yadda ake gayyata da zaɓe

Kada sabon madugu ya nemi alkawarin wata shida daga wanda bai taɓa ganin wasan ba. Ya gayyace shi zama ɗaya na awa biyu, da labarin da zai ƙare a ranar, taurari kuma an riga an rubuta su a takarda. Ya kuma zaɓi ƙasar da aka sani. A karo na biyu na ajiye dodannin Turawa, na ce ayari ne zai tashi daga kasuwar Kurmi zuwa Gwanja sayen goro, ga 'yan fashi a hanya, ga jaki ya ɓata da dukiyar wani. Ban yi bayanin minti biyar ba aka fara gardamar wace hanya za a bi.

Game da yawa, huɗu ko biyar sun isa. In suka wuce haka, kowa zai daɗe bai sami magana ba, a zama taron tsintsiya ba shara. Halaye biyu ne abin nema, kuma sun fi iya magana muhimmanci: cika alkawari da haƙurin sauraron wani. Haka nan a kula da kunya irin tamu. Ƙane ba ya son musa wa wansa a gaban mutane, wasan kuwa ba ya tafiya sai da musu, don haka tsara sun fi dacewa da juna. 'Yan mata, waɗanda su ne magada tatsuniya, na iya kafa nasu zaman ko su yi da 'yan'uwansu a gida. Lokaci kuma a tsayar da shi, kamar bayan la'asar ranar Asabar, a tashi kafin magariba.

Zargin caca

Wannan ita ce matsalar da ta fi tsada. Wani abokinmu mahaifinsa ya hana shi zuwa bayan ya ji ana jefa ƙwaya, kuma ba a ga laifin dattijon ba, domin a wurinmu ƙwaya da caca sun daɗe suna tafiya tare, malamai da yawa kuma ba su yarda da wasa da ita ba. Ko a Amurka, a shekarun 1980 iyaye da yawa sun zargi wasan da koyar da tsafi. Magani shi ne a gaya wa maigida gaskiya tun kafin zaman farko, a zauna inda kowa ke gani, kada ko kwabo ya shiga tsakani. Mu dai mun ajiye ƙwayar, muka rubuta lamba 1 zuwa 20 a 'yan takardu, muna zara daga cikin hula. Wasan bai rasa kome ba, abokinmu kuma ya dawo da izinin mahaifinsa.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa aikin sabon madugu na farko shi ne haɗa ayari, tsara labari na biye. A unguwa irin Nassarawa, inda babu dandali, hakan na bukatar tattaki, da gajeren zama na gwaji, da zaɓen mutane kaɗan masu alkawari, da neman yardar manya. Mu biyar ne yanzu, kuma ayarinmu bai kai Gwanja ba tukuna. Ina fata malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su dubi wannan wasa a matsayin fagen nazari, musamman dangantakarsa da tatsuniya da kalankuwa, su kuma gyara mini inda na yi kuskure.