Gyaran ƙota kafin damina

Ƴan'uwa manoma, ƙotar kalme ko ta gatari mai kaushi tana hana aiki. Takan sa bororo a tafin hannu, sartsenta kuma yakan shiga nama. In ƙasa ko taki ya shiga raunin, ana iya kamuwa da tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki, mai ƙulle haƙora. Saboda haka, goge ƙota rigakafi ne.

Bayan masassaƙi ya gama da gizago, sai a kankare tudun da ya rage da wuƙa ko fasasshiyar kwalba. Daga nan a ɗauko takardar yashi, wadda wasu ke kira samfefa. A bayanta akwai lamba. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba ita ce mai laushi. A fara da 80, a bi da 120, a ƙare da 180.

Ga yadda ake yi:

1. Kada a naɗa takardar a shimfiɗaɗɗen katako. Katako ba ya bin lanƙwasa, sai ya ci wuri guda ya bar saura.

2. A yanki takardar da tsawo, faɗin yatsa uku. A danne ƙotar da ƙafa, a ratayo takardar a kanta, a riƙa jan bakin nan biyu bi da bi, ana juya ƙotar.

3. Wuri mai zurfi, kamar gindin ƙota ko cikin akushi, sai a naɗa takardar a totuwar masara ko guntun tsohon silifa. Su suna bin siffar icen.

4. Gogewar ƙarshe a bi tsawon icen, kada a gitta, don zane ya ɓace.

5. A shafa tsumma mai laima, a bari ta bushe. Gashin ice zai tashi, sai a sāke gogewa da lamba 180.

6. A shafa man kaɗe, a ajiye ta a inuwa.

A yi aikin a fili, a rufe hanci da baki da ƙyalle, gama ƙurar ice tana sa tari. Wanda sartse ya soka, ya cire shi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya tafi asibiti a duba batun allurar tetanos.

Tambayoyi:
Wace lamba ake fara gogewa da ita?
Don me ba a naɗa takardar a shimfiɗaɗɗen katako?