Zuma da Dauri: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Game da Kukan Jarirai

Jarirai da yawa sukan shiga wani irin kuka tun suna da mako 2 ko 3 da haihuwa. Yawanci da maraice abin yakan tashi. Sai ka ga yaro ya dunƙule hannu, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, yana ta tsala ihu, ko an ba shi nono ba ya yin shiru. Kukan yakan fi tsanani wajen mako na 6, sa'an nan ya yi ta raguwa da kansa, kafin wata 4 galibi ya wuce. Muddin yaro yana shan nono sosai, yana kuma ƙara nauyi, wannan kuka ba ya yi masa lahani.

Inda haɗarin yake shi ne wajen magani. Uwa ba ta yi barci ba, hankalinta ya tashi, sai kaka ko maƙwabciya ta ce a lasa masa zuma, ko a ɗura masa dauri. Don ƙauna suke faɗa, amma a saurari abin da likitoci suka gano.

Zuma abinci ce mai kyau ga manya da yaran da suka tasa. Amma wani lokaci akan sami irin wata ƙwayar cuta a cikinta, wadda ido ba ya gani. Likitoci suna kiran ciwon da take kawowa botulizim, kuma a shekarar 1976 aka fara bayyana shi ga jarirai, a ƙasar Amurka. Hanjin babba yana hana ƙwayar tsira. Na jariri kuwa bai yi ƙwari ba tukuna, saboda haka sai ta zauna ta yaɗu, ta fid da dafi mai kashe ƙarfin jiki. Da fari yaro yakan daina bahaya kwana da kwanaki, tsotsonsa ya yi rauni, muryarsa ta dushe, wuyansa ya saki, fatar idonsa ta sauko. In abin ya yi nisa har numfashi yakan gagara. Tafasa zumar ba ya kashe irin ƙwayar, kuma tsabtarta ko tsadarta ba hujja ba ce. Kada a ba yaro zuma, ko da lasa ɗaya, sai ya cika wata 12.

Dauri da jiƙe-jiƙen saiwa da sassaƙe su ma haka. Ba mai iya auna ƙarfinsu, ga hanta da ƙodar jariri ba su isa tace su ba. Ruwan da aka jiƙa su yakan kawo zawo, kuma in cikin yaro ya cika da su sai ya rage shan nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shayar da nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa.

To, me za a yi? Bayan kowace shayarwa a ɗora yaro a kafaɗa, a shafa bayansa har ya yi gyatsa. A goya shi, a yi ta zagayawa a hankali. In uwa ta gaji, ta miƙa wa wani, ta huta. Kada a jijjiga jariri da ƙarfi don fushi, gama wannan yana iya lalata ƙwaƙwalwarsa.

Amma in aka ga zazzaɓi, ko koren amai, ko jini a bahaya, ko ƙin nono, ko jiki ya saki, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita duk abin da aka ba shi ya sha.