Darasi: Wace irin taga za mu sa wa ɗakinmu?

Damina ta wuce, lokacin gyaran gidaje ya zo. A Yamai ba mu manta da watan Satumba na 2020 ba, sa'ad da kogin Isa ya cika ya ɓalle madatsa, ruwa ya shiga unguwannin Lamorde da Kirkisoy da Saga, ɗakunan laka da yawa suka zube. A 2024 ma ruwa ya yi ɓarna mai yawa a faɗin ƙasa. Duk wanda zai sāke gini yakan yi tunanin bango da rufi, ya bar taga sai ƙarshe, lokacin da kuɗi suka ƙare. Wannan kuskure ne, domin ta taga iska take shiga, ta taga kuma sauro yake shiga.

Amfanin taga ga lafiya

Ɗakin da ba shi da taga yana tara zafi da hayaƙi da numfashin mutane. A irin wannan ɗaki ne tarin fuka da sanƙarau suka fi saurin yaɗuwa, musamman idan masu kwana suna da yawa. Mun ga yadda sanƙarau ya addabi Yamai a bazarar 2015. Amma taga buɗaɗɗiya wadda ba ta da raga, ƙofa ce ga sauro. A ƙasar Gambiya an yi gwaji wanda aka bayyana sakamakonsa a 2009: gidajen da aka sa wa raga, sauron da ke shigarsu ya ragu da kamar rabi, ƙarancin jini kuma ya ragu ga yara. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ragar gida cikin hanyoyin da take ba da shawara a kansu don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro.

Saboda haka, kafin mu zaɓi firam, wato abin da ke kewaye da taga yana riƙe da marufinta, sai mu yi tambaya biyu: Zai bar iska ta shiga? Zai riƙe raga ba tare da kafa ba?

1. Katako

Katako ba ya ɗaukar zafi, kafinta kuma yana gyara shi cikin sauƙi. Sai dai yana da abokan gaba biyu. Na farko gara, wadda take bi ta cikin bangon laka ta cinye shi daga ciki, ba mu sani ba sai ya rufta. Na biyu sauyin yanayi: da damina ya kumbura ya ƙi rufuwa, da hunturu ya bushe ya tsage, sauro ya sami hanya. Yawancin katakon da muke saye a kasuwar Katako daga ƙasashen bakin teku ake kawo shi. Farin ya fi araha, amma shi gara ta fi so. Jan ya fi ƙarko. Azarar giginya irin ta yankin Gaya tana jure wa gara, amma ba a saran giginya sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

2. Ƙarfe

Tagar ƙarfe mai baki-baki, wadda masu walda ke kira farsiyen, ita ce ta fi yawa a birninmu, kuma da dalili. Gara ba ta cin ta, ɓarawo ba ya ɓalle ta da sauƙi, ko a rufe take iska tana ratsawa. Aibinta biyu ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, ƙarfen da rana ta daka yana ƙara wa ɗaki zafi. Sannan akwai tsatsa, wadda take fara ci daga ƙasan firam inda ruwa ke kwanciya. Maganinta shi ne a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa tun kafin a kafa tagar, har da gefen da zai shige cikin bango, sa'an nan a bi da fenti mai haske. Mu kuma taɓa kaurin ƙarfen da hannunmu: wanda yatsa ke lanƙwasawa ba zai daɗe ba. Araha ba ta ado.

3. Alminiyum da gilashi

Wannan ba ya tsatsa, gara ba ta taɓa shi, yana kuma tare ƙurar hunturu. Amma yana da tsada, kuma irin wanda ake turawa gefe rabinsa kaɗai ke buɗuwa. Ƙura tana cika hanyar da yake bi, sai an riƙa sharewa. Gilashin da ke fuskantar rana yana mai da ɗaki kamar tanda. Ya fi dacewa da ginin siminti mai fanka. Firam na roba kuwa, idan ba mai kyau ba ne, ranarmu tana busar da shi ya karye.

Shawararmu

Ga mai ɗakin laka ko mai ƙaramin ƙarfi, ƙarfe mai kauri da aka yi wa fenti ya fi. Kowanne muka zaɓa, mu kiyaye waɗannan:

- Mu yi taga biyu masu kallon juna, domin iska ta shiga ta fita.
- Mu guji babbar taga ta yamma. Ta gabas kuma a yi mata ƴar rumfa, don daga can hadari ya fi zuwa.
- Magini ya sa dogari mai ƙarfi a saman taga, kada nauyin bango ya danne firam.
- A toshe duk kafar da ke tsakanin firam da bango.
- A yi wa raga nata firam wanda ake cirewa, a wanke, a ɗinke inda ya yage.
- Ɗakin dafuwa yana son taga a sama don hayaƙi. Ɗakin ajiyar hatsi yana son ƙarama mai ragar ƙarfe, saboda ɓeraye da tsuntsaye.

Ragar taga ba ta maye gurbin gidan sauro. Yara da mata masu ciki su ci gaba da kwana a cikinsa kowane dare.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa katako yake tsagewa da hunturu?
2. Yaushe ya kamata a shafa wa ƙarfe fentin hana tsatsa?
3. Taga nawa ce a ɗakin da ƴaƴanmu suke kwana, kuma nawa ne cikinsu suke da raga?