BABI NA TAKWAS: ALLON BANGO DA AYYUKAN YANAYIN SHEKARA A AJIN HAUSA NA FIRAMARE

8.0 Gabatarwa

Ɗalibin da aka tura gwajin koyarwa wata firamaren ƙauye a ƙasar Bichi ko Ɗambatta ko Makoɗa ko Minjibir zai yi saurin lura da abubuwa biyu. Na farko shi ne ƙarancin abin karantawa, domin sau da yawa yara da dama ne ke tarayya a kan littafi guda, bangon ajin kuma fayau yake. Na biyu shi ne yadda yawan yara a aji yake hawa da sauka tare da aikin gona. Ranar da aka wayi gari da ruwan shuka, ko makon da roron wake ya kankama, malami zai tarar da gurabe a kan benci. A wannan babi za a nuna yadda malamin Hausa zai yi amfani da allon bango wajen rage waɗannan matsaloli, ta hanyar mayar da abin da yaro yake gani a gona ya zama abin da yake karantawa a aji.

8.1 Ma'anar Allon Bango

Allon bango shi ne wani fili da ake keɓewa a jikin bangon aji domin manna rubuce-rubuce da zane-zane da ƙananan kayayyaki waɗanda ake son yara su riƙa gani kullum. Ya bambanta da baƙin allo, saboda abin da aka rubuta da alli rayuwarsa ta darasi ɗaya ce, da an kaɗa ƙararrawa an goge shi. Abin da ke allon bango kuwa yakan yi mako biyu ko uku, yaro ya karanta shi da safe kafin malami ya shigo, ya sake dubawa lokacin tara. Wanda ya yi fashin kwana uku a gona ma, in ya dawo zai tarar da kalmomin da aka koya suna jiransa. Ya kuma bambanta da allon sanarwa na ƙofar ofishin hedimasta, wanda jadawalin jarrabawa da sunayen malaman aiki kawai yake ɗauka.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da gyare-gyarenta na baya, ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko harshen yankinsu a shekarun farko na firamare. A 2022 aka faɗaɗa tanadin zuwa shekara shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da janye shi, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Hausa ta ci gaba da zama darasi. Abin da wannan ke nufi ga malamin Hausa shi ne, lokacin da yaro zai ga harshensa a rubuce a makaranta ya ƙara taƙaita, don haka bangon aji ya ƙara daraja.

8.2 Shekarar Manomi da Shekarar Makaranta

Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin mafiya cunkoson jama'a a yankin. Tun cikin shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana yadda ake noma gonakinta kowace shekara ba tare da barin su saura ba, ana riƙe ƙarfin ƙasa da takin dabbobi da na bola, wanda jakuna ke kaiwa cikin mangala. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya ake haɗa su, ga itatuwan ɗorawa da kuka da gawo a tsattsaye a tsakani. Yaron da ya tashi a nan ya san sungumi da fartanya da magirbi tun kafin ya san baƙi da wasali. Wannan sani shi ne jarin da malami zai fara da shi.

A shagunan littattafai ana sayar da wasu fastoci masu nuna yanayi huɗu na ƙasashen Turai, da ƙanƙara a kan rufin gida da itacen tufa. Suna da kyan gani, sai dai yaron Kunchi ba shi da abin da zai faɗa a kansu. Shekarar Bahaushe bazara ce da damina da kaka da rani, sannan a cikinsu akwai marka, lokacin da ruwa ya fi yawa a wajen watan Agusta, da hunturu a farkon rani. Idan aka ɗora zangunan karatu a kan wannan, za a ga zango na ɗaya ya faɗa cikin kaka, na biyu ya ɗauki hunturu da rani har bakin bazara, na uku kuma ya kama bazara da farkon damina. Marka cikin dogon hutu take faɗawa. Ke nan tsarin allo na shekara ya riga ya fito da kansa, aikin malami shi ne ya bi shi.

8.3 Haɗa Allon

Ba sai an jira katako daga hukuma ba. Tabarmar kaba, ko asabari, ko buhun da aka farke aka ɗaure a jikin kara huɗu, duk suna wadatarwa. Ana yanka kwali a yi katunan kalmomi, a soke su da ƙayar aduwa ko a rataye su da zare. A guji manna takarda da koko ko kunun rogo, domin gayyatar gara da kyankyasai ne. Ƙaro ya fi. Wajen launi akwai gawayi da bula da jar ƙasa da karan dafi. A rataye allon daidai idon yara, a kuma yi haruffa manya yadda na bencin baya zai gani. Inda aji ba shi da ƙofa ko taga, allon da ake naɗewa a kai ofis bayan an tashi shi ne mafita, in ba haka ba awakin unguwa za su riga yara karanta zangarniyar geron.

8.4 Allon Kaka

Kaka ita ce lokacin da allo ya fi samun kaya, kuma ta dace da shigowar sababbin yara. Malami zai nemi kowane rukuni ya kawo abu ɗaya: zangarniyar gero, kan dawa, kwanson wake, ƙwayar gyaɗa, riɗi. Sai a ɗaure kowanne a allo, a sa katin sunansa a ƙarƙashi. A aji ɗaya a fara da kalmomi masu buɗaɗɗiyar gaɓa, wato ge-ro, da-wa, wa-ke. Bayan sun zauna sai a kawo masu rufaffiyar gaɓa irin su rum-bu da gar-ma, daga baya a zo ga gya-ɗa, wadda ta haɗa tagwan baƙi da baƙi mai lanƙwasa. Idan an kwana biyu sai a cire katunan a cakuɗa, a kira yaro ya mayar da kowanne wurinsa. A nan ne malami zai gane wanda yake karantawa da wanda ya haddace wuri kawai.

Waɗannan kaya suna koyar da jinsi ba tare da an ambaci kalmar jinsi ba. A yi kati biyu, ɗaya "ne" ɗaya "ce", yara su riƙa jerawa: gero ne, dawa ce, wake ne, gyaɗa ce, riɗi ne, maiwa ce. Da wuya yaro Bahaushe ya yi kuskure a nan, domin ƙa'idar tana bakinsa. Abin da ya rage masa shi ne ya gan ta a rubuce. A aji uku da huɗu sai a shiga tilo da jam'i: gona da gonaki, rumbu da rumbuna, dami da dammuna, garma da garemani. Yara za su lura da kansu cewa jam'in Hausa ba hanya ɗaya yake bi ba.

Wani aiki mai amfani shi ne jera aikatau bisa tafiyar hatsi daga gona zuwa tukunya: girbi, ɗauri, sussuka, shiƙa, surfe, bakace, niƙa, tankaɗe. A nan 'yan mata sukan fi maza sani nesa ba kusa ba, kuma yarinyar da ba ta cika ɗaga hannu ba takan gyara wa aji duka jerin. Ya kamata malami ya ba ta alli ta rubuta da kanta.

Akwai abin kiyayewa. Kada a tambayi yaro dami nawa mahaifinsa ya samu bana, balle a rubuta a allo. Gonaki a wannan yanki ƙanana ne, gado ya rarraba su, wani gidan ma aro ko jingina yake nomawa. Lissafin da zai sa yaro ya sunkuyar da kai a gaban 'yan'uwansa ya fi ɓarna a kan amfani. In ana son lissafin dami da kwano, a ƙirƙiro manomin da babu shi, a ba shi gona.

8.5 Hunturu da Rani

A wannan zango kaya sukan yi ƙaranci, sai allo ya koma ga sana'o'in rani da adabin baka. Yaran da ke kusa da madatsar Watari a Bagwai ko ta Tomas a wajen Ɗambatta suna da noman rani, don haka tumatir da albasa da attaruhu za su hau allo. Sauran kuma ga saƙar tabarma da tufkar igiya da gini da fatauci. A keɓe kusurwa guda ta kacici-kacici, a manna ɗaya ranar Litinin, kamar "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", a bar yara su jefa amsa a rubuce cikin gwangwani, a buɗe ranar Juma'a. Kowa ya san amsar tsintsiya ce. Rubuta "tsintsiya" daidai shi ne aikin.

8.6 Bazara da Damina

Da zafi ya tsananta, aka fara sharar gona da kai taki, sai allo ya koma na jiran ruwa. Yara su rubuta ranar da suka fara ganin shamuwa, da ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas, da ranar da shinge ya fito. A jiƙa tsumma a nannaɗe ƙwayar wake goma a ciki, kullum a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsira, a rubuta. Lokutan aikatau ma a nan suke samun gurbi: kafin ruwa a manna "Za mu shuka gero", ranar shuka a sauya da "Muna shuka gero", bayan mako a sa "Mun shuka gero". Jimla ɗaya ce ta ratsa lokuta uku a gaban idonsu, kuma gani ya kori ji.

Ana iya auna ruwan sama da gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. A ajiye shi a fili nesa da indararo, kowace safiya a tsoma rula a rubuta milimita nawa ya taru, a zubar. Da yake marka cikin hutu take zuwa, sai a damƙa aikin ga yara biyu da ke kusa da makaranta, su kawo takardarsu in an dawo.

Itacen gawo ya cancanci fili nasa na shekara guda. Saɓanin sauran itatuwa, gawo da damina yake zubar da ganye, ya yi kore shar da rani. Shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya kaɗe taki ne, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne lokacin da ciyawa ta ƙare. A zaɓi gawo ɗaya kusa da makaranta, yara su zana shi sau ɗaya a kowane zango, su rubuta jimla biyu a ƙarƙashi, a jera zanen uku gefe da gefe. Tambayar "don me?" daga bakinsu za ta fito.

Haka kuma sunayen gargajiya irin su Anaruwa da Shibkau da Nomau da Marka da Ciwake suna nuna lokacin da aka haifi mai sunan. Yara su tambayo kakanninsu irin waɗannan sunaye, a jera su a ƙarƙashin yanayin da suka dace da shi. Sunaye kamar Azumi da Sallau kuwa ba za su zauna a ƙarƙashin kowane yanayi ba, domin watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Azumin 2016 a watan Yuni ya kama, na 2025 kuwa a watan Maris. Saboda haka tashe da hawan salla da Takutaha a ba su gefe na dabam wanda ake matsarwa.

8.7 Ƙa'idar Rubutu a Kan Allo

Kuskuren da malami ya yi da alli na minti arba'in ne. Wanda ya manna a bango kuwa yara sittin za su kalle shi mako uku, su kwafe shi cikin littattafansu. Wajibi ne a duba kowane kati kafin a rataye. A kula da lanƙwasa, domin kara dabam ƙara dabam, haka daka da ɗaka, da baki da baƙi, da kaka da ƙaƙa. Waɗannan tagwayen kalmomi su kansu darasi ne in aka jera su da zane. A kula da rabawa da haɗawa: "yana noma" ake rubutawa, haka "gonarmu" a haɗe take. Kalmomin da rubutunsu ɗaya ne amma karin sauti ko tsawon wasali ya bambanta su, kamar fari na launi da fari na rashin ruwa, ko gari na mutane da gari na tuwo, kada a manna su su kaɗai. A sa kowacce cikin jimla.

Arewacin Kano ya yi iyaka da ƙasashen Kazaure da Katsina, don haka yaro zai iya kawo "hauya" inda littafi ya ce "fartanya", ko ya kira gero "hatsi". Kada a ce masa ya yi kuskure. A rubuta kalmar daidaitacciyar Hausa da babban rubutu, a sa tasa a gefenta.

8.8 Aikin Gwaji

Kowane ɗalibi ya zaɓi firamare ɗaya a ƙaramar hukumarsa, ya faɗi aji da zangon da yake nufi, sannan ya tsara allon bango na mako uku. Ya kawo jerin kayan da yara za su samo ba tare da an kashe kuɗi ba, da katunan kalmomi goma sha biyu waɗanda aƙalla huɗu daga ciki suke da baƙi mai lanƙwasa. Ya kuma bayyana a shafi ɗaya yadda yaron da ya yi fashin mako guda saboda shuka ko roro zai cim ma 'yan ajinsu ta amfani da allon.