Kafin bikin gobe, gyara saitin kyamararka

Ƙanena mai ɗaukar bidiyo a Turba, ka zuba kuɗi ka sayi kyamara mai kyau, ka ɗauko biki tsaf. Amma da aka tura wa dangin amarya a Isa, sai fuskoki suka farfashe, zanen lalle ya koma tabo. Matsalar tana cikin abu biyu: kodek, wato dabarar da kyamara ke matse hoto, da bitiret, wato yawan bayanan da take zubawa a memori kowane sakan. Ka ɗauko kyamarar mu bi su.

1. Fara da lissafi. Ka ninka lambar bitiret da 0.45, za ka samu gigar da awa ɗaya za ta ci. Megabit 50 zai ci giga 22 da rabi, megabit 100 kuma giga 45. Ke nan memori mai giga 64 ba zai kai ka awa ɗaya da rabi a kan 100 ba. Tun da dare ka yi wannan lissafin, don hanyar Sakkwato ba kullum take shiguwa ba, balle ka ce za ka je ƙaro memori.

2. Tsaya a kan H.264. Tun 2003 yake, kuma kusan kowace waya da laftof na buɗe shi. H.265 na 2013 yana iya ba ka kyan hoto iri ɗaya a kusan rabin girma, sai dai tsohuwar laftof kan riƙa sarƙewa wajen editin, wasu ƙananan wayoyi ma ba sa buɗe shi. ProRes 422 HQ na kamfanin Apple kuwa yana cin fiye da giga 80 a awa ko a 1080. Ka bar shi sai ranar da mai shirya fim a Kano ya nema da bakinsa, ya kuma kawo abin ajiya.

3. Bitiret motsi yake bi. A nan na fi so ka natsu. A saitin da aka saba, kyamara na ajiye hoto ɗaya cikakke, sannan ta riƙa rubuta abin da ya canza kawai. Malam na zaune yana wa'azi, bango bai motsa ba, megabit 25 ya wadatar. Amma ka je filin kokawa, ko dawakai sun taso da ƙura ranar sallah, komai na canzawa lokaci guda. Idan bitiret ya yi ƙasa, kyamara sai ta zubar da ƙananan abubuwa, kuma aikin wuyan babbar riga da ƙyallin shadda su ke fara tafiya. A irin wannan ka hau 50 zuwa 100. Ɗaukar dare ma haka take, domin tsakin da duhu ke sa wa hoto yana cinye bitiret. Fitila ɗaya mai kyau za ta fi maka amfani a kan ƙara lamba.

4. Sa hoto 25 a sakan, ko 50 idan za ka rage gudu daga baya. Wutar Najeriya da ta Nijar a kan 50 take bugawa, shi ya sa 30 ke kawo ƙyaftawar kwan fitila. In da janareta ake, ka gwada minti ɗaya ka duba kafin a fara.

5. Kada 4K ya ruɗe ka. A ganina 1080 mai wadataccen bitiret ya fi 4K da aka matse, kuma a zafin Afrilu 4K na saurin ɗumama kyamara har ta kashe kanta ana tsakiyar ɗaurin aure.

6. Duba jikin memori. Alamar V30 na nufin zai iya rubuta megabait 30 a sakan, daidai da megabit 240, ya ishe ka. Jabu sun yi yawa a kasuwa, don haka sabon memori ka cika shi da ɗauka a gida, ka kalli ƙarshen bidiyon a laftof.

7. Bayan editin, fitar da kwafi biyu, duka a H.264. Na farko 1080 a megabit 8, adadin da YouTube ke ba da shawara. Awa ɗaya giga 3.6. Na biyu 720 a megabit 3 don wayoyi, bai kai giga ɗaya da rabi ba. Duk wanda ya ga yadda aka katse layukan waya a wannan yanki a 2021 ya san ba a jingina sana'a da data, don haka ka tura ta Xender ko ka zuba a memorin mai biki hannu da hannu. Ga 'yan uwa na Maraɗi ko Legas, ka aika kwafi na biyu ta WhatsApp a matsayin fayil, don kada ya sake matse shi. Yana karɓar har giga 2.

Asalin ɗaukar kuma ka kwafe shi wuri biyu kafin ka goge memori, ka rubuta sunan biki da kwanan wata a kan kowane.