Ba a fafe gora ranar tafiya: shirin gwajin shiga aikin soja

 Darasinmu na yau domin samari ne masu son shiga aikin soja, ko jandarma, ko gardi, ko ɗan sanda. Domin iyayensu ne kuma, saboda su ke ciyar da su, su ke jinya idan abu ya ɓaci.

Wata shekara, wani ɗalibinmu na ajin yaƙi da jahilci ya ji sanarwar ɗaukar soja a rediyo. Ƙaƙƙarfa ne, shi kaɗai yake ɗaga buhun hatsi ya aza bisa amalanke. Saura kwana biyar ya fara gudu. Ranar gwaji, bai kai rabin hanya ba numfashinsa ya ɗauke, ya faɗi, aka kwashe shi zuwa gidan likita. Mun yi masa jaje, amma mu ma da laifinmu. Mun koya masa karanta sanarwar, ba mu koya masa yadda zai shirya jikinsa ba.

Ƙarfin noma daban, ƙarfin gudu daban

Samarin Adar ba ragwaye ba ne. Daga Kalfu zuwa Barmu, daga Tamaske zuwa Keita, sun saba da hauya da jan guga a rijiya mai zurfi. Iyayensu ne suka jera duwatsu bisa tuddai a aikin raya karkarar Keita da aka fara a 1984. Wannan aiki yana ƙarfafa hannu da baya. Amma manomi yana aiki yana tsayawa, ya miƙe, ya huta. Mai gudu ba ya tsayawa. Zuciyarsa da huhunsa ne ke aikin, su ke kai iska cikin jini zuwa ƙafafu. Zuciya tsoka ce, tana ƙara ƙarfi idan an saba mata a hankali. Sabon nan makonni yake ɗauka. Shi ya sa muke cewa a ba shiri wata uku.

Kuma aikin ba wasa ba ne. An kafa rundunar sojan Nijar a 1961, kuma Tawa ita ce cibiyar yankin tsaro na 4. Duk mun tuna harin da aka kai ƙauyukan Tiliya cikin watan Maris na 2021, inda mutane 137 suka rasu. Wanda zai tsare jama'a a irin wannan daji dole ya iya tafiya mai nisa da kaya cikin rana. Abin da gwajin yake nema ke nan.

Mataki na farko: a je gidan likita

Kafin a fara gudu, a je a auna jiki. A auna bugun zuciya da hawan jini. A duba idanu da haƙora. Wanda ke da gwaiwa ko kumburi a matsematsi ya nuna, domin ana yin aikinsa a warke. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar a damina ya tabbata ya sha magani har ƙarshe, kuma jininsa ya dawo.

A nemi kuma gwajin sikila, wato amosanin jini. Mutane da yawa a ƙasarmu suna ɗauke da rabin gadonsa, abin da likitoci ke rubutawa AS. Mai AS lafiyayye ne, yana noma, yana kokowa. Amma idan ya yi gudu mai tsanani cikin zafi ba tare da ruwa ba, hatsarinsa ya fi na sauran. Sanin haka yana sa ya ƙara kula da ruwa da hutu, kuma ya tsaya da zarar ya ji jikinsa ya canza.

Gwaje-gwajen da ya kamata a sani

Kowace sanarwa tana faɗin sharuɗɗanta: shekaru, tsawo, takardu da irin gwajin. A karanta ta da kyau, ko a kai wa malamin aji ya taimaka. Ga iri uku da rundunoni da yawa na duniya ke amfani da su. Wanda ya iya su, sauran ba za su ba shi wuya ba.

1. Gudun minti 12. Wani likitan sojan sama na Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da shi a 1968. Ana duba nisan da mutum zai ci cikin minti 12. A filin da zagayensa mita 400 ne, zagaye 6 mita 2400 ke nan, zagaye 7 kuma mita 2800. Kuskuren da aka fi yi shi ne fita da gudu kamar an koro mutum. Mai wayo yana farawa daidai, ya ajiye ƙarfi don mintuna biyu na ƙarshe.

2. Gudun kai-komo. Luc Léger, malami a jami'ar Monreyal ta Kanada, ya tsara shi a 1982, ya gyara shi a 1988. Sojan Faransa suna gwada masu neman shiga da shi. Ana ja layi biyu, tsakaninsu mita 20. Ana busa, ka ruga ka taka layin can kafin busa ta biyu, ka juyo. A matakin farko saurin kilomita 8 da rabi ne a awa, wato kusan daƙiƙa 8 da rabi tsakanin layi da layi. Kowane minti ana ƙara saurin da rabin kilomita. A mataki na 4 daƙiƙa 7 da ɗan kaɗan gare ka. A mataki na 8, daƙiƙa 6 kacal. Ana rubuta matakin da mutum ya kai kafin ya kasa.

3. Dannar ƙasa, wadda sojoji ke kira pomp. Ka kife, tafin hannu a ƙasa daidai faɗin kafaɗa, yatsun ƙafa a kafe. Jiki ya miƙe sambal daga kai zuwa diddige kamar taɓarya. Ka sauka har ƙirji ya kusa taɓa ƙasa, ka tura har hannu ya miƙe. Ka shaƙi iska wajen sauka, ka fitar wajen tashi. Idan ciki ya lotsa ko ɗuwawu ya tashi sama, mai ƙirga ba zai ƙirga ba. Goma masu kyau sun fi talatin na ha'inci.

Yadda za a auna fili a ƙauye

Ba sai an je filin wasa na birnin Tawa ba. A nemi fako mai laushi, ko filin ƙwallon makaranta. A guji tudun duwatsu, domin targaɗe ɗaya yana ɓata shirin wata guda. A kwashe tsakuwa da ƙaya.

A ari ma'aunin tela. Tsawonsa mita ɗaya da rabi ne. Idan aka shimfiɗa shi sau 13, an sami mita 19 da rabi. A ƙara rabin mita, ya cika 20. A yanke igiya daidai wannan tsawo a ajiye. A ja layin da toka. Mutum ɗaya ya riƙe usur da agogon wayar salula, saura su yi gudu, sannan a yi musaya.

Wajen juyawa, kada a yi zagaye kamar jaki a masussuka. A rage sauri taki biyu kafin layi, a taka shi da ƙafa ɗaya, a juya nan take. A riƙa canza ƙafar juyawa domin gwiwa ɗaya kada ta ɗauki wahalar duka.

Tsarin wata uku

Kowace rana a fara da ɗumama jiki: tafiya da sassarfa minti 10, da juya kafaɗu da idon sawu. A gama da tafiya a hankali har numfashi ya kwanta.

Wata na farko. Kwana uku a mako, misali Asabar, Litinin da Laraba. A yi sassarfa minti 2, tafiya minti 1, har minti 20. Saurin da ya dace shi ne wanda za ka iya yi wa abokinka magana kana gudu. A ƙarshen wata, a nemi yin minti 20 ba tsayawa. Pomp kuwa, ka gwada iyakar abin da kake iyawa. Idan 12 ne, ka yi 6 sau huɗu, da hutun minti ɗaya a tsakani. Wanda bai iya ko biyar ba ya fara da gwiwa a ƙasa.

Wata na biyu. Kwana huɗu a mako. Kwana biyu gudu mai tsawo, minti 30. Kwana ɗaya kai-komo: a yi minti ɗaya ana kai da komowa, a huta minti ɗaya, sau 6 zuwa 8. Kwana ɗaya kuma aikin hannu da ciki. A ƙara pomp ɗaya ko biyu a kowane zubi duk mako.

Wata na uku. Sau ɗaya a mako a yi gwajin sosai, da usur da agogo, kamar ranar ce. Makon ƙarshe a rage aikin zuwa rabi. Kwana biyu kafin gwaji a huta, a yi barci isasshe.

Kowa ya sami littafi ya rubuta kwanan wata, mintin da ya yi da yawan pomp. Ga amfanin karatun da muka yi. Lamba ba ta ƙarya, ita za ta nuna maka ko kana ci gaba.

Rana da ruwa

Lokacin da ya fi dacewa da shiri shi ne bayan kaka, cikin ɗari. An gama aikin gona, akwai abinci a rumbu, ga sanyi. A bazara kuwa, cikin Afirilu da Mayu, zafin Tawa yana wuce digiri 40. A lokacin a yi gudu bayan sallar asuba, ko gab da magariba. Ranar da ƙura ta yi yawa, a bar gudu, a yi pomp a zaure. Da azumi a rage aikin, a yi shi bayan an sha ruwa.

A sha ruwa kafin a fita, a tafi da gora, a sha bayan an dawo. Fitsari shi ne ma'auni. Idan fari ne ko ya ɗan yi rawaya, ruwa ya isa. Idan ya yi ja, jiki yana neman ƙari. Idan ya yi baƙi kamar shayi mai kauri, ga ciwon tsoka mai tsanani, a je gidan likita ranar nan, domin ƙoda tana cikin hatsari.

Idan abokin gudu ya fara jiri, ko tangaɗi, ko magana ba kan gado, zafi ne ya buge shi. A kai shi inuwa, a cire masa riga, a zuba masa ruwa a jiki duka, a yi masa fifita. Idan yana cikin hankalinsa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ya suma, kada a ɗura masa kome a baki. A kwantar da shi bisa gefe, a ci gaba da jiƙa shi har a isa gidan likita. Saboda wannan ne muke cewa kada kowa ya yi gudu shi kaɗai, kuma kada a yi nisa da gari.

Abincin mai gudu

Ba a buƙatar abincin kanti. Tuwo da fura suna ba da ƙarfin gudu. Wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai da kifin tabkin Tabalak suna gina tsoka. Zogale da yakuwa da sauran ganye suna taimakon jini. Iyaye mata, idan akwai hali, a dama wa yaron fura da nono bayan ya dawo. Kada a cika ciki da tuwo a fita gudu, a bar awa biyu zuwa uku a tsakani.

Gargaɗi a kan ƙwaya

Wasu suna cewa tramol yana sa gudu. Tramol maganin ciwo ne, likita ke rubuta shi. Ba ya ƙara wa zuciya ƙarfi. Yana ɓoye gajiya ne, sai mutum ya wuce iyakarsa bai sani ba. Shansa da yawa yana kawo farfaɗiya, yana danne numfashi, kuma yana kama mutum ya kasa bari. Taba ma tana rage numfashi. Wanda ke son kaki ya bar su tun yau.

Takardu

Mun ga wanda ya shirya jikinsa sarai, amma takarda ta hana shi. Tun da wuri a nemi takardar haihuwa a ofishin magajin gari. Wanda ba a yi masa ba yana jariri ya je kotu a yi masa ta maye. Da ita ake samun takardar zama ɗan ƙasa. A duba suna da shekarar haihuwa su zo daidai a kowace takarda. Kuma a yi hattara da mai cewa a sayar da rago ko gona a ba shi kuɗi zai sa sunan yaro. Mazambata suna yawaita duk lokacin da aka yi sanarwa.

Ba kowa ne za a ɗauka ba, domin masu nema sun fi guraben yawa. Wanda bai samu ba bana, lafiyar da ya tara tana nan, za ta yi masa amfani a gona, kuma littafinsa zai nuna masa daga inda zai tashi baɗi.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ya sa ƙarfin noma bai isa gwajin gudu ba?
2. Sau nawa za a shimfiɗa ma'aunin tela, kuma me za a ƙara, a sami mita 20?
3. Idan zagayen fili mita 400 ne, mita nawa ne zagaye 5?
4. Faɗi abu uku da za a yi wa wanda zafi ya buge.
5. Wace takarda ce ba ka da ita, kuma ina za ka neme ta?